Ƙwayar Homon da Ake Dasawa a Ƙarƙashin Fata: Bayani ga Mata da Maza Masu Manyan Shekaru

Daga cikin magungunan da ake tallatawa a wannan zamani akwai wanda ake cewa yana mai da tsohuwa yarinya, yana kuma maido wa dattijo ƙarfin ƙuruciyarsa. Ƴar ƙaramar ƙwaya ce, girmanta bai wuce na ƙwayar shinkafa ba, kuma ba haɗiyarta ake yi ba. Likita ne yake tsaga fata kaɗan a saman ɗuwawu, ya tura ta ciki, ya rufe wurin. Daga nan sai ta riƙa narkewa sannu a hankali, tana zuba abin da ke cikinta a jini har tsawon wata 3 zuwa 6. A Amurka aka fi yin wannan aiki. Amma talla ba ta neman takardar tsallake iyaka, wayar da ke hannun mutumin Zabori ma tana iya kawo masa ita, don haka ya kamata a san gaskiyar al'amarin.

Mene ne homon?

Homon wani sinadari ne da jiki yake yi da kansa, ya sake shi cikin jini. Aikinsa kamar na ɗan aike ne: yana ɗaukar umarni daga wani sashe na jiki zuwa wani. Insulin da masu ciwon suga suke rashi, shi ma homon ne. Waɗanda suka shafi bayaninmu guda uku ne. Akwai istirojin da furojestaron, waɗanda gidan ƙwai na mace yake yi, su ne suke tafiyar da al'ada da ɗaukar ciki, istirojin kuma yana kare ƙarfin ƙashi. Akwai kuma testosteron, wanda marainan namiji suke yi, shi ne yake fito da gemu, ya buɗe murya, ya motsa sha'awa. Mace ma tana da testosteron, amma ɗan kaɗan.

Abin da shekaru suke kawowa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yawancin mata suna daina al'ada tsakanin shekara 45 da 55. Ana tabbatar da al'ada ta ɗauke ne idan mace ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba. Kafin cikar wannan lokaci tana iya ɗaukar ciki, ko da jinin ya riƙa tsallake watanni.

Raguwar istirojin ita ce take kawo canje-canjen da mata suke ji. Zafi yakan taso wa mace farat ɗaya daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙe ta da dare ko da a lokacin sanyin hunturu ne, barci ya ƙi zuwa, zuciya ta yi saurin ɓaci. Gaba yakan bushe har saduwa ta zama da zafi. A hankali kuma ƙashi yana rage ƙarfi. Wata macen takan wuce wannan lokaci ba tare da wata wahala ba, wata kuwa takan shafe shekaru tana fama. Da yake kunya tana hana magana, mata da yawa sukan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, su yi ta shan maganinsa, ko su zaci sammu ne ko iska. Ba ko ɗaya ba ne. Mataki ne na rayuwa, kamar yadda fara al'ada ya kasance mataki.

Namiji ba ya samun irin wannan tsayawa. Testosteron ɗinsa yana raguwa ne kaɗan-kaɗan cikin shekaru masu yawa, kuma mafi yawan dattawa suna da abin da ya ishe su har ƙarshen rayuwa.

Asalin wannan magani

Maganin homon ba sabo ba ne. A 1935 masana a Turai suka ware testosteron, suka kuma iya haɗa shi a ɗakin bincike. A 1938 wasu masana biyu a Ingila, Deanesly da Parkes, suka nuna cewa idan aka dunƙule homon aka sa shi a ƙarƙashin fata, yakan daɗe yana aiki. A 1942 aka fara sayar da Premarin a Amurka, maganin istirojin da ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki, kuma miliyoyin mata suka sha shi. A shekarun 1970 aka gano cewa istirojin shi kaɗai yana kauraro fatar cikin mahaifa har ya kai ga ciwon daji, sai aka fara haɗa shi da magani mai aikin furojestaron domin kare mahaifa. Wannan doka tana nan har yau ga duk macen da ba a cire wa mahaifa ba.

A watan Yuli na 2002 aka dakatar da wani babban bincike a Amurka wanda ya ƙunshi mata sama da 16,000, bayan an ga cewa masu shan haɗin homon ɗin sun fi sauran kamuwa da ciwon dajin nono, da gudan jini a jijiya, da shanyewar ɓarin jiki. Ƙarin dajin nono ya kai wajen mace 8 cikin kowace 10,000 a shekara. Tsoro ya kama mata da likitoci, da yawa suka bar maganin. Daga baya masana suka sake duba sakamakon, suka lura cewa matsakaicin shekarun matan binciken 63 ne, wato sun daɗe da daina al'ada. Matsayin da manyan ƙungiyoyin likitocin mata suke kai yanzu shi ne: ga mace mai lafiya wadda ba ta kai shekara 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da daina al'ada ba, kuma alamun suna damunta ƙwarai, amfanin maganin ya fi haɗarinsa.

Cikin wancan tsoro na 2002 ne kasuwar ƙwayar dasawa ta buɗe. Masu sayarwa suka ce nasu homon daban ne, wai irin na jiki ne sak, daga tsiro aka yi shi, saboda haka ba shi da illa.

Me ake nufi da "irin na jiki"?

Rabin maganar gaskiya ne. Ginin sinadarin daidai yake da wanda jiki yake yi, kuma ana samo tushensa daga waken soya ko wata doyar daji. Wani masani Ba'amurke, Russell Marker, shi ne ya gano hanyar yin furojestaron daga doyar dajin ƙasar Meziko a farkon shekarun 1940. Amma sai an bi matakai da yawa a masana'anta kafin abin da ke cikin doya ya koma homon. Cikin ɗan Adam ba ya iya wannan aiki, don haka cin doya ko awara, duk da abinci ne mai kyau, ba ya maye gurbin homon.

Ɗaya rabin kuwa ba gaskiya ba ne. Kasancewar abu irin na jiki ba ya hana shi cutarwa idan ya yi yawa. Gishiri ma haka yake. Kuma istirojin da furojestaron irin na jiki suna nan cikin magungunan da hukumomi suka gwada suka amince da su: na haɗiya, da na mannawa a fata, da na shafawa. Ba sai an tsaga fatar mutum ba.

Inda matsalar ƙwayar take

Matan yankinmu sun san ashanar tazarar haihuwa, Jadelle ko Implanon, wadda ungozoma take sawa a damtse, kuma tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa kayan tazarar haihuwa cikin abubuwan da ake bayarwa kyauta. Kada a haɗa su. Ashana roba ce, ba ta narkewa, ranar da mace ta so ana iya cire mata ita. Ƙwayar homon ba ta hana ɗaukar ciki, kuma tana narkewa cikin nama, cire ta yana da wuya ƙwarai. Mai shan magani ko mai shafa shi, idan ya ga bai karɓe shi ba, yau ɗin nan zai iya dainawa ko a rage masa. Wanda aka dasa wa ƙwaya sai dai ya jira watanni ta ƙare. A ganina wannan kaɗai ya isa mutum ya tsaya ya yi tunani.

Abu na biyu shi ne awo. A Amurka ƙwayar testosteron ta maza mai suna Testopel ta sami amincewar hukumar kula da magunguna tun 1972. Waɗanda ake sa wa mata kuwa, kantunan haɗa magani ne suke dunƙula su, ba su bi ta gwajin hukumar ba, kuma yawan abin da suke sakewa a jini yakan bambanta. A 2020 Majalisar Masana Kimiyya da Likitanci ta Amurka ta fitar da rahoto cewa babu isasshiyar shaida kan amfani da amincin irin wannan haɗi, ta ba da shawarar a taƙaita shi. Idan testosteron ya yi wa mace yawa, ƙuraje sukan fito mata, gashi ya tsiro a haɓa, na kai ya zube, murya ta yi kauri. Kaurin murya yakan ƙi komawa ko bayan maganin ya ƙare. Wurin da aka tsaga kuma yana iya yin ruwa, ko ƙwayar ta turo kanta waje.

Gargaɗi na musamman ga maza

Akwai maza da marainansu ba sa yin isasshen testosteron saboda ciwo, ko rauni, ko halitta. Waɗannan magani yana taimakonsu sosai. Amma ba a gane su da ido, sai an auna jini da safe, aƙalla sau biyu a ranaku daban. Raunin gaba da kasala a wajen dattijo sau da yawa daga ciwon suga suke, ko hawan jini, ko shan taba, ko damuwa, kuma raunin gaba yana iya zama alamar farko ta ciwon jijiyoyin zuciya.

Ga abin da masu talla ba sa faɗa. Idan aka ba namiji testosteron daga waje, ƙwaƙwalwa takan ɗauka jiki ya ƙoshi, sai ta daina aika umarni ga maraina. Su kuma su rage yin ƙwayoyin maniyyi, wani lokaci su tsaya gaba ɗaya. Mutumin da yake neman haihuwa, ya sayi wannan magani don ƙarin ƙarfi, garin neman gira zai rasa ido. Yawanci abin yakan dawo bayan an daina, amma yana ɗaukar watanni, wani lokaci fiye da shekara. Testosteron yana kuma kauraro jini, kuma ba a ba mai ciwon dajin furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Shi ya sa mai amfani da shi yake buƙatar awon jini a kai a kai.

Abin da ya dace a yi a nan gida

Maganin homon kowane iri yana buƙatar likita, da awo, da bibiya. Mutumin da ke ƙauye mai nisa da ɗakin awon jini, haɗarinsa ya fi na mutumin birni. Yankinmu kuma kan iyaka yake, kaya suna shiga suna fita tsakanin Gaya da Malanbil da Kamba, har da magungunan da ake bazawa a rana a kan tabarma. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa magani 1 cikin 10 jabu ne ko marar inganci. Kada ku yarda a yi muku allura ko a tsaga muku fata da sunan ƙarin ƙarfi a kasuwa ko a gida. Reza da allurar da ba a tsabtace ba suna yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau.

Macen da zafi da gumi suke damunta ta fara da asibitin CSI mafi kusa, ta yi wa ungozoma bayani ba tare da kunya ba. A auna mata jini da suga, a duba zazzaɓi. Gumin dare tare da tari da rama yana iya zama tarin fuka, ba ɗaukewar al'ada ba. Tufafin auduga marasa nauyi, da rage barkono da shayi mai ƙarfi da dare, suna sauƙaƙa wa wasu. Nono, da ƙananan kifin kogi da ake ci da ƙayarsu, da zogale, da kuka, da tafiyar ƙafa suna taimakon ƙashi. Bushewar gaba tana da man shafawa na musamman da likita zai iya rubutawa. Idan alamun sun tsananta, likitan mata ne zai duba ko maganin homon ya dace. Ba a ba macen da ta taɓa yin dajin nono, ko gudan jini a jijiya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon hanta mai tsanani.

Jinin da ya dawo bayan mace ta shekara da daina al'ada, ko ɗigo ne, ba ƙuruciya ce ta dawo ba. Shi da ƙullutu a nono, da ruwa mai wari daga gaba, alamu ne da ba a jira da su sai bayan girbi. A tafi CSI a karɓi takardar turawa zuwa asibitin gunduma, kamar na Gaya, ko babban asibitin jiha da ke Dosso. Idan aikin ya fi ƙarfinsu za su tura mace asibitin haihuwa na Issaka Gazoby a Yamai. A tafi da katin asibiti, da kwalayen duk magungunan da ake sha, har da na gargajiya da na kasuwa, a nuna wa likita.