Nauyin Gajiyayyu a Ƙasar Zugu: Daga Zakkar Hatsi Zuwa Ƙaramar Hukuma

A ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum, kula da gajiyayye bai taɓa zama aikin dangi su kaɗai ba. Tun zamanin Daular Usmaniyya hukuma na da hannu a ciki. Idan kaka ta yi, manomi yakan fitar da zakkar gero da dawa, dami ɗaya cikin goma, ta bi ta hannun dagaci, kuma shari'a ta sa fakirai da miskinai a sahun farko na masu haƙƙi. Makafi da kutare da guragu ma suna da sarakunansu masu kai kukansu fada. Ba a ce duk abin da aka tara ya isa ga mai shi ba, amma tsarin yana da ginshiƙi guda mai ƙarfi, wato sanin mutane. Mai unguwa ya san tsohuwar da aka kwana biyu ba a ga hayaƙi a gidanta ba, ya san marayun da kawunsu ya tafi ci-rani.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sai aka narkar da zakkar hatsi cikin haraji, kuɗin ya shiga Baitulmalin En'e, ya koma albashi da ayyukan mulki. Gyaran 1976 ya kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e, kuma jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu kafa gidajen gajiyayyu da kula da su. Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙiro a 1996, ta soma aiki da shari'ar Musulunci a 2000, ta kuma kafa Hukumar Zakka da Wakafi. Sai dai kason ƙananan hukumomi ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Tarihin nan duka abu ɗaya yake nunawa: kuɗi na ƙara nisa da waɗanda suka san mabukaci, nauyi kuwa yana nan a ƙauye.

Wasu za su ce zumunci ya wadatar, hukuma ta bar wa dangi nasu. Abin da ya faru a 2010 ya isa amsa. Gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara kusan 400 a ƙauyuka irin su Dareta ta Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum. Dangin ma duk abin ya shafe su, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta ɗauki jinyar yaran. Ƙauyen Bagega, wanda shi ma gubar ta shafa, bai samu aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa ba sai 2013. Daga baya 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, mutane suka kwararo garin Anka gudun hijira. Wanda ya baro rumbunsa a daji ba shi da abin riƙe maƙwabci.

Wasu kuma za su ce ƙaramar hukuma ba abin amincewa ba ce, tallafi zai ƙare a hannun 'yan jam'iyya. Wannan tsoro yana da tushe, amma maganinsa sa ido ne. Talakan garin Zugu da ke ƙasar Bukkuyum zai iya zuwa sakatariyar ƙaramar hukumarsa ya tambaya, zuwa Abuja kuwa ya fi ƙarfinsa. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a biya ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya rage musu uzuri. Abin da ya dace shi ne masu unguwanni da limamai da ungozomomi su fitar da sunayen mabukata, a karanta su a bainar jama'a, sashen jin daɗin jama'a ya tsara taimakon ya biya. Shugabannin ƙananan hukumomin nan uku su sani cewa riƙon gajiyayye wajibi ne da doka ta ɗora musu, kuma jama'a na da haƙƙin tambayarsu.