WA YA KE GABA? JERIN GIRMA A MAJALISAR SARAKUNA TA KADUNA

Duk inda manya suka taru, akwai wata magana da a kan yanke tun kafin a taɓa wadda ta tara su, watau wa zai shiga gaba, wa zai bi masa, wa kuma zai fara buɗe baki. Wanda bai san mulki ba ya kan ɗauki wannan abin wasa. Amma sau da yawa an ga taro ya watse saboda wurin zama, alhali kuwa maganar da aka zo yi ba ta da gardama. Don haka kowace ƙasa da ta kafa majalisa ta sama, irin wadda mu ke kira Majalisar Dattawa, sai da ta nemi ma'aunin da za ta jera mutanenta da shi. Muna so mu duba yadda aka yi wannan jeri a nan Kaduna, sa'an nan mu gwada shi da na yau, don masu karatu su san abin da aka bari da abin da aka ɗauka.

Mu fara da garin kansa. Gwamna Lugga ne ya zaɓi Kaduna, aka taso da helkwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan cikin 1917. Ofisoshin mulki kuwa a arewacin kogin aka kafa su. Ko da ya ke wurin yana cikin ƙasar Zazzau, ba fadar kowane sarki ba ce. In an taru a Sakkwato ko Kano, an san mai gida, an san baƙo. A Kaduna kowa baƙo ne, saboda haka tilas a sami tsarin da kowa zai yarda da shi. Tun wajen 1930 aka fara kiran manyan sarakuna taro a nan, amma Majalisar Sarakuna ba ta zama abin doka ba sai da tsarin mulkin Gwamna Richards ya soma aiki a farkon 1947. Shi ya ba Jihar Arewa majalisu biyu, ta Sarakuna a sama, ta Wakilai a ƙasa. Ginin nan mai ƙubba da a ke kira Lugard Hall shi ya zama mazauninsu, yau kuwa Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ce ke ciki.

To, da me aka jera sarakunan? Ma'auni na farko shi ne sanda. Bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, sai suka kasa sarakuna daraja daraja, suka ba kowa sandar girma. Mai daraja ta ɗaya sandarsa kan azurfa gare ta, mai daraja ta biyu kuwa kan tagulla. Duk sarki mai daraja ta ɗaya yana da kujera a majalisa saboda sarautarsa, ba sai an zaɓe shi ba. Daga cikin masu daraja ta biyu kuwa waɗansu a kan tsamo.

Amma masu sandar azurfa ma ba ɗaya su ke ba, gaba da gabanta. Na farko Sarkin Musulmi, na biyu Shehun Barno, na uku Sarkin Gwandu, na huɗu Sarkin Kano, sa'an nan sauran su biyo. Wanda ya karanta wannan jeri da hankali, ya karanta tarihin ƙasar nan na ƙarni guda.

Sarkin Musulmi ya sha gaba domin daga gidansu tutoci suka fita bayan jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soma cikin 1804, kuma can sarakunan tuta su ke kai caffa. Barno kuwa ba ta taɓa bin Sakkwato ba. Daula ce mai zaman kanta, wadda sarakunanta suka musulunta ɗaruruwan shekaru kafin jihadi, kuma Shehu Muhammadu el-Kanemi ya tsare ta daga mayaƙan Fulani. Ba yadda za a yi a sa mai irin wannan gado bayan wani wanda ya ke kai gaisuwa Sakkwato, shi ya sa aka ajiye shi dab da Sarkin Musulmi. Gwandu kuma gidan Malam Abdullahi ne, ƙanen Shehu. Tun Shehu na da rai ya raba kula da ƙasa biyu, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi, har ya zama Nufe da Ilori Gwandu su ke bi. Ashe Sarkin Gwandu uban waɗansu sarakuna ne, don haka ya shiga gaban Kano.

A nan ne mai lura zai tsaya. Duk Arewa ba En'en da ta kai ta Kano jama'a da kuɗin baitulmali, ga ciniki, ga gyaɗa, ga jirgin ƙasa, amma duk da haka ta huɗu ce. Daura kuma, wadda labarin kaka da kakanni ya ce ita ce uwar Hausa Bakwai, ba ta cikin huɗun farko. Watau ba a bi dukiya ba, ba a kuma bi daɗewar gari kurum ba. An bi yadda ƙasa ta ke tsaye a lokacin da Turawa suka same ta, aka daskarar da shi kamar hoto.

Abu mafi girma cikin wannan tsari shi ne girman na karaga ne, ba ya duban shekarun wanda ke kanta. Ga misali. Sa'ad da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya hau cikin 1938, shekarunsa 35 ne, alhali Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya riga ya yi fiye da shekara 30 bisa sarauta. Duk da haka ran da aka naɗa Abubakar, ran nan ya zama na gaba. Haka kuma cikin 1963, bayan murabus ɗin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi da rasuwar magajinsa Muhammadu Inuwa, aka naɗa Alhaji Ado Bayero yana da shekara 33. Nan take ya ɗare kujera ta huɗu, gaban Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ke bisa sarauta tun 1944, ya kuma isa ya haife shi.

Amfanin wannan a fili ya ke. Ba mai yin zawarcin kujera, ba mai ƙulla wa ɗan'uwansa makirci don ya wuce shi, gama kowa ya san wurinsa tun bai iso Kaduna ba. Illarsa ma ba ta ɓuya. Jerin ba ya motsi ko ƙasa ta motsa, kuma ya fi yi wa gidajen jihadi da Barno daɗi. Sarakuna irin su Attan Igala da Aku Uka na Wukari, masu daɗaɗɗen gado na kansu, da Tor Tibi wanda aka ƙirƙiri sarautarsa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sun shigo cikin tsarin da ba don su aka yanka shi ba. Jama'arsu sun lura da haka, kuma wannan na cikin abubuwan da suka ƙara wa masu neman jihar Tsakiyar Nijeriya ƙarfin magana.

Sai dai kada mai karatu ya zaci wurin zama shi ne aiki. Sarakunan da kansu sun san bambancin. Tsarin Richards ya ba Majalisar Sarakuna ikon aika mutum huɗu zuwa Majalisar Dokoki ta ƙasa duka. Da aka tashi aikawa cikin 1947 ba a ɗebi huɗun farko ba. Waɗanda suka tafi su ne Sarkin Gwandu Yahaya, da Sarkin Katsina Usman Nagogo, da Attan Igbirra Ibrahim, da Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma yi aikin malanta kafin ya hau sarauta. Muhawara da Turanci a gaban lauyoyin Ikko tana bukatar wani abu wanda sanda ba ta bayarwa. Haka nan a babban taron Ibadan na 1950, Sarkin Zazzau Ja'afaru da Sarkin Katsina su ne suka tsaya kai da fata sai an ba Arewa rabin kujerun majalisar tarayya, aka kuwa ba ta. Daga baya da shugabancin Majalisar Sarakuna ya fita daga hannun Turawa, Sarkin Gwandu Haruna ne ya riƙe shi, ga shi kuwa na uku ne a jeri.

Yanzu mu juya ga majalisar ƙasa. Majalisar Dattawan Nijeriya ta fara zama a Ikko cikin Janairu 1960, Dokta Nnamdi Azikiwe ne shugabanta na farko. Kowace jiha tana da dattawa 12, Ikko tana da 4, Gwamna Janar kuma ya naɗa 4. Na Arewa a Kaduna a ke tsamo su, a zaman haɗin gwiwa na Majalisar Sarakuna da ta Wakilai. Dokar lokacin ta ce sai wanda ya kai shekara 40 zai zama dattijon majalisa. Ku dubi abin mamaki: saurayin da ya zauna na huɗu a Kaduna cikin 1963, da Ikko ya nufa, da an ce masa bai isa shiga ba tukuna. Majalisu biyu a ƙasa ɗaya, kowace da nata ma'aunin girma. Juyin mulkin soja na 15 ga Janairu 1966 ya rufe su duka. Ta Dattawa ta dawo cikin 1979, ta Sarakuna kuwa ba ta sāke zama majalisar yin doka ba.

Waɗannan ma'aunai biyu ba mu muka fara su ba. A Majalisar Iyayengiji ta Ingila, wadda Turawa suka kwaikwaya da suka kafa ta Kaduna, manyan limaman kirista biyar, watau na Kantabari da Yok da Landan da Daram da Wincesta, suna samun kujera saboda muƙaminsu, sauran limaman kuwa galibi su kan jira layi bisa daɗewa. Amurka ta ɗauki ma'aunin daɗewa ɗungum. A can a kan ƙirga ranar da sanata ya kama aiki, in mutum biyu sun shigo rana ɗaya a duba muƙamin da kowa ya taɓa riƙewa, in an yi kunnen doki a duba yawan jama'ar jiharsa. Akwai waninsu, Robert Byrd, wanda ya zauna shekara 51, daga 1959 har ya rasu cikin 2010.

Tamu ta yau, wadda ke zama a Abuja, hanyar Amurka ta bi. Sanatoci 109 ne, uku daga kowace jiha cikin 36, ɗaya daga Babban Birnin Tarayya, shekarun shiga kuwa 35. Ƙa'idojin majalisar sun jera su kamar haka: na gaba su ne waɗanda suka dawo, gwargwadon sau nawa aka sāke zaɓensu, sai waɗanda suka taɓa zama a Majalisar Wakilai, sa'an nan sababbin shiga. Da wannan a ke duba wanda ya cancanci shugabanci da manyan muƙamai. David Mark ya shiga cikin 1999, ya zama shugaba cikin 2007, ya riƙe har 2015. Ahmad Lawan na Yobe ya fara daga Majalisar Wakilai cikin 1999, ya haura ta Dattawa cikin 2007, bai sami shugabanci ba sai 2019, bayan shekara 20 yana koyon aiki. Amma ƙa'idar ta kan tanƙwara in jam'iyya ta so, gama cikin 2015 an ba Godswill Akpabio jagorancin marasa rinjaye a shekarar da ya fara shiga.

To, jama'a, ina ruwanmu da wannan duka? Ruwanmu babba ne. A zamanin Majalisar Sarakuna talaka ba shi da hannu cikin jeri, gama tarihi ya riga ya rubuta shi. Yau kuwa ƙuri'armu ce ke rubuta shi. Duk mazaɓar da ta mai da sanatanta, ta ɗaga shi gaba a layi. Wadda ta sauya shi kuwa, sabon nata daga baya zai fara, ko da ya fi kowa ilimi. Masu neman tazarce sun san haka, shi ya sa su kan ce mana kada mu zubar da girman da suka tara mana. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, domin sanin dokokin majalisa da kasafin kuɗi ba a yini ɗaya a ke samunsa ba, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Amma daɗewa shekaru kaɗai ta ke ƙirgawa, ba ta tambayar abin da aka yi a cikinsu. Mutum ya iya shekara 16 a kujerar gaba, makarantar garinsu kuwa ba rufi.

Sarakunan 1947 sun bar mana darasi a kan wannan. Sun kiyaye jerinsu a wurin zama, ba wanda ya ƙetare wani, amma da aiki ya zo sai suka duba wanda zai iya. Mu ma in lokacin zaɓe ya zagayo, mu ba wanda ya daɗe girmansa, mu saurare shi da ladabi, sa'an nan mu tambaye shi: wace doka ka kawo, wace ɓarna ka hana, me girman nan naka ya jawo wa mutanen da suka aike ka? In ya amsa da abin da ido zai gani, mu mai da shi ya ƙara gaba. In ba shi da amsa sai yawan shekaru, to, ba laifi mu aiki wani ya fara daga bayan layi.