Kundin Lafiya Na Kwamfuta Da Rajistar Marasa Lafiya

Kundin lafiya na kwamfuta shi ne tarihin jinyar mutum ɗaya wanda likita ke adanawa a na'ura maimakon fayil ɗin takarda. A cikinsa ake samun cututtukan da aka gano, da magungunan da aka rubuta, da sakamakon gwaje-gwaje, da kuma duk maganin da jikin majiyyaci ba ya karɓa. Da wannan kundi, likitan da bai taɓa ganin mutum ba yana iya sanin abin da aka yi masa a baya, don kada a maimaita gwaji ko a haɗa masa magungunan da ba sa jituwa. A shekarar 2008 ƙasar Estoniya ta buɗe tsarin da ya haɗa irin waɗannan bayanai a faɗin ƙasar, sannan a 2009 Amurka ta yi dokar HITECH wadda ta ware kuɗi don ƙarfafa wa likitoci da asibitoci gwiwar komawa kwamfuta.

Rajistar marasa lafiya kuwa tana tattara bayanan mutane da yawa masu fama da cuta iri ɗaya, kamar ciwon daji ko sikila. Da ita ake gane yawan masu kamuwa, da shekarunsu, da irin maganin da ya fi aiki. Rajista ta girmi kwamfuta a asibiti: Denmak ta kafa tata ta ciwon daji tun 1942, yayin da aka buɗe ta Ibadan a 1960.

Ingancin rajista ya dogara ne a kan abin da likita ya shigar a kundin kowane majiyyaci. Idan aka bar gurbi ko aka yi kuskure, alƙaluman da hukuma za ta tsara kasafin magani da su ma sun gurɓata. Ƙarancin wutar lantarki da bambancin manhajojin asibitoci su ma suna kawo cikas wajen musayar bayanai.

Game da sirri, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanan majiyyaci a Najeriya. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma bai wa mutum damar neman ganin abin da aka adana a kansa.