Yadda Aka Faro Horar da Likitocin Dashen Hanta

'Yan'uwa, duk lokacin da aka tayar da zancen dashen hanta, hankalin jama'a yakan tafi ga likitan fiɗa da wuƙarsa. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina cikin wannan tarihi shi ne yadda aka horar da masu aikin, musamman ganin yawan ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke sha'awar karatun likita.

Kafin a kai ga dashe sai da aka fara sanin ita hantar tukuna. Wata likita 'yar Ingila, Sheila Sherlock, ta fitar da littafinta kan cututtukan hanta cikin 1955, sa'an nan cikin 1959 ta zama farfesa a asibitin Royal Free da ke Landan. Likitoci daga ƙasashe da dama suka riƙa zuwa suna ɗaukar karatu a gabanta, suna komawa gida su buɗe nasu sashen. Daga nan ne ciwon hanta ya zama fanni mai cin gashin kansa.

Shi kuwa dashen, Thomas Starzl ne ya fara gwada shi a jikin mutum, ran 1 ga Maris 1963, a birnin Denba na Amurka. Yaro ne ɗan shekara uku, jini ya ƙi tsayawa, ya rasu ana cikin aikin. Waɗanda aka yi wa bayansa a wannan shekara ba wanda ya kai wata guda. To, a nan ne mutumin ya burge ni. Ya dakatar da aikin da kansa, ya koma ɗakin gwaji shi da yaransa, suka shafe fiye da shekara uku suna maimaitawa a jikin karnuka. Sai cikin 1967 ya sake gwadawa a kan wata yarinya 'yar wata 18, ta rayu fiye da shekara guda kafin ciwon dajin da ya sa aka yi mata dashen ya dawo ya kashe ta.

Cikin 1968 Roy Calne ya yi nasa a Kambirij. Abin lura shi ne bai tsaya shi kaɗai ba, ya haɗa kai da Roger Williams, likitan hanta na asibitin King's College a Landan: wannan ya yi fiɗa, wancan ya zaɓi majinyacin da ya dace, ya kuma kula da shi bayan an sallame shi. Ai dasawa aikin yini ɗaya ne, amma hana garkuwar jiki kai wa baƙuwar hanta farmaki aiki ne na tsawon rai. Sai da maganin saiklosporin ya shigo wajen 1980 aka sami kan wannan matsala, har wani babban taron ƙwararru a Amurka ya yanke hukunci cikin Yuni 1983 cewa dashen hanta ya wuce matsayin gwaji, ya zama magani.

A lokacin Starzl ya riga ya koma Pitsbag tun 1981, wurin ya zama tamkar tsangaya. Almajiran nasa su ne masu hawa jirgi cikin dare su ɗauko hanta daga wani gari, su dawo su tsaya a ɗakin tiyata har gari ya waye. Da yawa daga cikin waɗanda suka shugabanci cibiyoyin dashe a Amurka da Turai da Asiya nan suka yi koyo.

Takarda daga baya ta zo. Sai cikin 2006 aka fara jarrabawa ta musamman a Amurka ga likitocin da ke kula da masu dashen hanta. Tsarin da aka saba shi ne shekara uku a fannin cututtukan cikin jiki bayan digirin likita, uku a fannin ciki da hanji, sa'an nan ɗaya a kan dashen kansa, wato shekara bakwai ke nan.

A nan gida, ƙwarewa tana bi ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da aka kafa cikin 1979, ko takwararta ta Afirka ta Yamma. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda cikin 2002, amma hanta ta fi ƙoda wuya nesa ba kusa ba, domin mai ciwon ƙoda yana iya jira a kan na'urar wankin jini na shekaru, ita kuwa hanta ba ta da irin wannan madadi. Ga kuma ciwon hanta nau'in B da ya yi yawa a ƙasashenmu, wanda sai cikin 2004 aka sanya allurarsa cikin rigakafin yara a Nijeriya.