Kwara: Kogin da Ya Ba Teku Baya

Kogin da mu Hausawa muke kira Kwara yana da wata ɗabi'a da ta sa ya fita daban cikin manyan kogunan duniya. Mafarinsa yana cikin tsaunukan ƙasar Gini, kusa da iyakar Saliyo, kuma tsakaninsa da Tekun Atlantika bai wuce kimanin kilomita 240 ba. Maimakon ya gangara ya huta, sai ya ba teku baya, ya tasam ma Sahara, ya yi tafiyar wajen kilomita 4,180 kafin ya koma ga tekun da ya guda.

Daga Gini yana shiga Mali, ya ratsa Bamako da Segu, sannan ya baje a fadamun Masina, inda rana da rairayi suke shanye kaso mai yawa na ruwansa. Kusa da Tambutu ya nufi gabas, can gaba ya karyo kudu maso gabas, ya bi ta Gawo da Yamai da Gaya, ya shigo Nijeriya ta ƙasar Kabi. Masana ilmin ƙasa suna ganin wannan lanƙwasa shaida ce ta koguna biyu da suka haɗe a zamanin da. Jinkirin da ruwa yake yi a Masina kuwa shi ya sa masunta da manoman Yawuri suke ganin cikowa biyu a shekara: ta damina, mai laka, da kuma ta baƙin ruwa, wadda ke isowa cikin hunturu, watanni bayan ruwan ya sauka a Gini. Daga nan sai Jaba, sai Lakwaja inda Binuwai ya tarye shi, sai Ida da Anaca, kafin ya rarrabu rassa-rassa ya faɗa teku.

Tsawon nan ya sa kowace al'umma ta san nata yankin ne, ta kuma raɗa masa suna. Mandawa sun ce Joliba, mutanen Sanwai sun ce Isa Ber, Yarbawa sun ce Oya. Fatakenmu masu zuwa Gwanja neman goro sun san mashigansa sarai, amma ƙetare shi suke yi, ba bin sa ba.

Turawa su ne suka nace sai sun ga ƙarshensa, kuma ba don sha'awar ilmi kaɗai ba. Mungo Park ya gan shi a Segu a 1796, ya tabbatar gabas yake gudu, ya kuma halaka cikin duwatsun Busa a 1806. (Littattafan makaranta sun daɗe suna koya wa yaranmu cewa shi ya gano kogin, alhali a kwalekwalen masu kogin ya shiga.) A 1824 Clapperton ya sami Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, aka zana masa taswira da ta kai kogin gabas, wajen Masar. Masu tarihi sun yi saɓani, shin iyakar sanin da ake da shi ke nan, ko kuwa dabarar ɓatar da baƙo ce. Mu dai mun fi karkata ga ta biyu, domin mai ƙasa ba ya nuna wa wanda bai gama sani ba ƙofar bayan gidansa.

Asirin ya tonu a 1830, sa'ad da Richard Lander da ƙanensa John suka bi ruwa daga Busa har bakin teku. Cikin shekara biyu jiragen ruwa masu hayaƙi suka fara haurowa. A 1886 kamfanin Royal Niger ya sami izinin mulki daga Ingila, kuma ranar 1 ga Janairu, 1900, a Lakwaja, Lugga ya ɗaga tutar da ta mai da Arewa ƙarƙashin Turawa. Hamadar da muka saba tsammanin baƙi daga gare ta ba ita ta kawo su ba. Ta ruwa suka ɓullo, daga kudu. Ita kuwa tsohuwar Busa, da duwatsun da suka ci Park, tana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968.