KWALIN KARATU DAGA GIDA: WA YA TAƁA YI WA RANA?

Makon jiya da na je gida Dauran, wani ƙanena ya tare ni bayan sallar Isha'i. Yana so ya sayar da bijimin da ya shekara biyu yana kiwo, ya yi rajista a jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, ya karanci harkar gudanar da kasuwanci. Tambayarsa ɗaya ce: "Yaya, in na gama za a ɗauke ni aiki?" Ban ba shi amsa a daren ba. Ga ta nan na sa a fili, don na san ba shi kaɗai ke wannan lissafin ba.

Da farko, wannan karatu ba sabon abu ba ne. Tun 1858 Jami'ar Landan ta buɗe ƙofa ga ɗalibai su zana jarrabawarta ba tare da sun zauna aji ba. A zamanin Turawa, akawu da malamin makaranta kan aika kuɗi Ingila, makarantu irin su Rapid Results College da Wolsey Hall su aiko da darasi ta gidan waya, a karanta da fitilar ƙwai bayan an tashi aiki. Cif Obafemi Awolowo ta wannan hanya ya samu digirinsa na kasuwanci daga Jami'ar Landan a 1944. Amma ku lura, kafin nan ya yi akawu, ya yi aikin jarida, ya yi fatauci da harkar mota, har ya karye ya tashi. Kwalin ya tarar da shi cikin kasuwa ne.

A nan Arewa, da aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, aka rasa ƙwararrun malamai. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna. Malamanmu da yawa na Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda da darussanta suka samu shaidar koyarwa, daga baya NCE, suna riƙe da alli a hannu. Su ma dai ba aiki takardar ta nemo musu ba, ƙarin girma ta kawo musu a aikin da suke ciki.

Ita kuwa NOUN, gwamnatin Shehu Shagari ce ta kafa ta a 1983, shekarar da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta dakatar da ita. Sai zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita, ta dawo aiki a 2002, kuma shi kansa bayan ya sauka ya zama ɗalibinta har ya kai ga digirin digirgir. Farfesa Abdalla Uba Adamu, mutumin Kano, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. A 2018, abin mamaki, Buharin da ya rufe ta shi ya sa hannu a gyaran dokarta don a daina kallon ta a matsayin makarantar wasiƙa.

To amma raini ya daɗe. Shekara da shekaru ɗalibanta ba sa zuwa bautar ƙasa, takardar tsamewa ake ba su. Ga ma'aikacin da ke neman ƙarin girma, wannan ba komai. Ga matashin da ke neman aikin farko, akwai wuraren da nan ake fara yi masa kallon hadarin kaji. Ni da idona na ga irin haka a wani ofis da na taɓa aiki: fayil biyu, kwali iri ɗaya, na ma'aikacinmu ya wuce ya hau mataki na 8, na baƙon da ya zo nema yana nan yana shan ƙura.

Sannan mu ’yan wannan yanki muna da namu lissafin. Karatun yanzu ya koma kan waya da intanet, jarrabawa kuma sai an je cibiyar Gusau, kun kuma san halin hanyarmu. Ba mu manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako. Ɗalibi a lokacin ba darasi, ba ciniki.

Saboda haka ga abin da tarihin nan ya koya min. Tun daga zamanin wasiƙa har zuwa na intanet, wannan kwali ya fi yi wa mai abin yi rana. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ƙanena, kar ka sayar da bijimin nan don karatu. Ka riƙe kiwonka da cinikinka, ka riƙa biya zango-zango daga riba. Abin da ka karanta da dare, ka gwada shi da safe: ka buɗe littafin shiga da fita, ka raba uwar kuɗi da riba, ka rubuta bashi, ka yi wa sana'arka rajista. Dillalan hatsi da na dabbobi nawa ne a kasuwar Dauran da ta Shinkafi ke juya kuɗi masu nauyi alhali lissafin duk a ka yake? Wanda ya iya riƙe musu littafi da amana ba zai zauna banza ba. Kuma ka tabbatar hukumar NUC ta amince da makarantar, kar ka manta yadda digirin Kwatano ya ƙare a farkon 2024.

In aikin gwamnati ya zo, kwali na hannunka. In bai zo ba, bijimi na turke.

Waɗanda suka bi wannan hanyar, ku faɗa mana yadda kuka kwashe. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa wa nemanmu albarka.