Gwajin matsin ruwan lagireto

Gwajin matsin ruwan lagireto wata hanya ce da makanikai ke bi domin gano inda ruwan sanyaya inji yake yoyo.

Dalilin matsi

Ruwa yana tafasa ne a digiri 100 na ma'aunin Salshiyos. Murfin lagireto yana riƙe matsi na kimanin ba 1, wanda ke ɗaga wannan mataki zuwa kusan digiri 120. Idan matsin ya zube, ruwan yakan tafasa da wuri, inji ya ɗau zafi.

Yadda ake gwajin

Sai inji ya huce ake cire murfin, domin tururinsa yana ƙona fata. Ana ɗaura famfon hannu mai agogo a bakin lagireto, a buga iska zuwa adadin da ke rubuce a jikin murfin. Idan allurar agogon ta sauka, akwai yoyo.

Wuraren yoyo

Yoyon waje yakan fito daga tiyo, famfon ruwa ko jikin lagireto. Na ciki yawanci daga gasket ɗin kan inji yake, kuma alamominsa sun haɗa da farin hayaƙi daga salansa, kumfa a ruwan lagireto, da baƙin mai da ya koma kamar madara.